Iyafis Mai Ƙara ko Mai Tare Hayaniya: Wanne Za Ka Saya da Ɗan Kuɗinka?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a teburin masu kayan waya a Farm Centre ta Kano ko Banex ta Abuja ya san tambayar da mai saye ke fara yi idan an miƙo masa iyafis: "Yana da ƙara?" Shi ma mai kaya ya san abin da ake son ji. Sai ya jona shi a wayarsa, ya ƙure sauti, ya ce, "Saka ka ji, yallaɓai." Ga janareta na ruri a bayansu, ga lasifikar maƙwabci, ga hon ɗin 'yan adaidaita sahu. A irin wannan wuri wanda ya fi tsawa shi ke cin kasuwa, ko da kuwa shi ne mafi muni a cikinsu.

A ganina tun daga tambayar aka kauce hanya. Ƙara ba ta yi wa kasuwa ƙaranci ba. Yawancin iyafis da hedifon, har da masu arahar, suna iya kai desibel 100 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) ko su wuce idan an ƙure waya, kuma wannan ya isa ya yi wa kunne illa cikin mintuna. Abin da mai cewa "ina son mai ƙara" yake nema a zahiri shi ne ya ji karatu, waƙa ko labarai raɗau ba tare da hayaniyar waje ta danne su ba. Hanya biyu ake bi a samu haka: ko a ɗaga sautin ya fi ƙarfin hayaniyar, ko a tare hayaniyar tun daga bakin kunne. Ta farko kunne ne ke biyan kuɗinta. Ta biyu ita ce ya kamata a auna kowane kaya da ita kafin a zaro kuɗi.

Abin da ƙara ke yi a cikin kunne

Mutane da yawa sun ɗauka dodon kunne ne ƙara ke fasawa. Ɓarnar iyafis can ciki take faruwa, bayan dodon kunne, a wani ɗan ƙashi mai siffar katantanwa. A cikinsa akwai ƙananan ƙwayoyi masu gashi a kai, kimanin 15,000 a kowane kunne, su ne ke mayar da girgizar sauti ta zama saƙon da jijiya ke kai wa ƙwaƙwalwa. Da su aka haife mu, kuma wadda ta mutu ba ta sake tsirowa. Ɓarnar ba ta zuwa da ciwo ko jini, shi ya sa ake raina ta.

Waɗanda ke fara lalacewa su ne masu ɗaukar siririn sauti, wajejen hatz 4,000 (hatz shi ne awon kauri ko sirantar sauti) a ma'aunin likitocin ji. A can sama ne sautuka irin su s, sh, ts da f suke zaune. Don haka wanda abin ya fara taɓawa ba ya jin ya kurumce. Yana jin muryar mutane sarai, kalmomin ne ke cakuɗe masa, musamman a wurin ɗaurin aure, a majalisa ko a aji mai surutu. Sai ya riƙa cewa "Na'am? Me ka ce?" yana ganin laifin masu magana ne da ba sa buɗe baki.

Akwai kuma abin da kusan kowa ya taɓa ji bayan ya cire iyafis ko ya baro kusa da lasifikar biki: kunne ya yi dum kamar an toshe shi, ko ya riƙa wani kuka siriri. Washegari ya washe, mutum ya ce ai ba komai. A 2009 wasu masu bincike biyu a Amurka, Sharon Kujawa da Charles Liberman, sun nuna a jikin ɓeraye cewa ko bayan ji ya dawo daidai a gwaji, wani sashe na mahaɗar jijiya da ƙwayoyin nan ya riga ya tafi har abada. Wato washewar kunne ba ta nufin an tsira gaba ɗaya.

Ga lissafin da ya fi komai muhimmanci a wannan magana. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya da hukumar sadarwa ta duniya, ITU, sun fitar da ma'auni na na'urorin saurare: babba zai iya sauraren desibel 80 na tsawon awa 40 a mako, yaro kuma desibel 75 na awa 40. Ka ɗauke shi kamar datar da ka saya ta mako guda. Idan ka bi a hankali za ta kai ka, idan ka buɗe mata wuta ta ƙare tun ranar farko. Duk ƙarin desibel 3 yana ninka ƙarfin sauti sau biyu, ya raba lokacin gida biyu. A desibel 83 awa 20 gare ka, a 86 awa 10, a 89 awa 5, a 92 awa biyu da rabi, a 95 awa ɗaya da kwata. Da ka kai 101, abin da ya rage maka a mako gaba ɗaya bai cika minti 20 ba. Ka tuna hira ta yau da kullum wajen desibel 60 take, titi mai cunkoson motoci kuma yakan kai 80 zuwa 85. Wanda ke son waƙarsa ta danne titi da iyafis marar toshe kunne, dole ya haura can sama da haka, inda kasonsa na mako ke ƙonewa a tafiya ɗaya ko biyu.

Tun a 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa matasa biliyan 1.1 masu shekara 12 zuwa 35 na cikin haɗarin rasa ji saboda irin wannan saurare da kuma wuraren nishaɗi masu ƙara. Mu a nan kason namu ba iyafis kaɗai ke cin sa ba. Janareta na ci, injin niƙa na ci, salansar babur da aka fasa na ci, lasifikar biki na ci. Kunne ba ya tambayar daga ina ƙarar ta zo, jimilla yake yi. Haka nan bai san bambanci tsakanin waƙa da karatun Alƙur'ani ko wa'azi ba: desibel 95 ɗaya ne a wurinsa ko me ake saurare.

Kayan da ke kasuwa, daga mafi araha

Na farko shi ne iyafis mai tauri marar roba a baki, irin siffar EarPods na Apple da dubban masu kwaikwayonsa, wanda ake ratayawa a bakin kunne kawai. Shi ya fi yawa, shi ya fi araha, ba ya sa kunne zafi, kuma kana jin sallamar mutane. A ɗaki shiru ba shi da laifi ko kaɗan. Amma da ka fita titi, hayaniya na shiga ta gefensa yadda take so, kaurin sautin da ake kira bes kuma yana zurarewa waje, sai yatsa ya tafi wajen ƙara sauti ba tare da ka lura ba. Ga mai yawan zirga-zirga a gari, wannan shi ne mafi haɗari a cikinsu, duk da cewa shi ne ake gani kamar mafi sauƙi.

Na biyu shi ne mai igiya mai 'yar roba a baki, wanda ke shiga ramin kunne ya toshe shi. A nan nake so in daɗe, don a ganina nan ne ɗan kuɗi ya fi yin aiki. Oraimo na yin irinsa, JBL na da Tune 110, akwai kuma na KZ waɗanda igiyarsu ke cirewa, idan ta tsinke a sayi wata ba sai an jefar da kan ba. Ba ya buƙatar caji, ba ruwansa da ɗauke wuta, kuma idan robar ta zauna daidai tana rage hayaniyar waje sosai, har ta fi hedifon da ya ninka shi kuɗi. Sai dai komai ya rataya a kan wannan 'yar roba. A cikin kwalin za ka ga wata 'yar leda mai ɗauke da ƙarin robobi, yawanci ƙarama da babba, bayan matsakaiciyar da ke jikinsa. Yawancin mutane da kwalin suke jefar da ita. Zauna ka gwada su ɗaya bayan ɗaya. Ka saka ba tare da kunna komai ba, ka ɗan ja saman kunnenka da ɗaya hannun don ramin ya buɗe. Idan ƙarar fanka ta ja baya, muryarka kuma ta dawo maka da kauri daga cikin kai, to ta zauna. Ba mamaki ka tarar kunnen dama da na hagu girmansu ba ɗaya ba ne. Da robar da ta dace, bes ɗin da kake nema da ƙure sauti zai fito tun a rabin ma'auni.

Aibinsa a fili yake. Igiya na tsinkewa, galibi a gindin fulogi. Yana tura dattin kunne ciki, kuma idan ana karɓa-karɓa da shi tsakanin abokai ko 'yan ɗaki yana iya yaɗa ciwon kunne, don haka a riƙa cire robar ana wankewa da ruwa da sabulu, ta bushe kafin a mayar. Wasu sababbin wayoyi kuma ba su da ramin iyafis, sai an haɗa da ɗan abin jonawa.

Na uku su ne na bulutut: na ratayawa a wuya, da 'yan biyun nan masu akwatin caji. Wajen kare kunne hukuncinsu ɗaya da na sama, wato mai roba ya fi marar roba. Kuɗin da ka ƙara na sauƙin rashin igiya ne, bai ƙara wa kunnenka kariya ba. Batirinsu ƙanana ne, yana raguwa da shekaru, kuma ba a cika samun mai canza shi ba. Na wuya ya fi riƙe caji, ya fi wuyar ɓata, mata da yawa kuma sun fi jin daɗinsa a ƙarƙashin hijabi don ko ya zame ba ya faɗuwa ƙasa. 'Yan biyun na da wata illa da ba a cika faɗa ba: suna koya wa mutum saurare da kunne ɗaya, ɗayan na caji. Sauti a kunne biyu ya fi cika kai fiye da a kunne ɗaya, don haka mai kunne ɗaya yakan ƙara sauti, ga ɗaya kunnen a buɗe yana kwasar hayaniya. Ƙarshenta kunne guda ke ɗaukar dukan nauyin.

Sai hedifon na ɗorawa a kai, wanda ya kasu biyu. Akwai mai zama a kan kunne, irin Sony MDR-ZX110 ko JBL Tune 510BT, akwai kuma mai faɗin soso da ke rufe kunne ruf. Na farkon bai cika tare hayaniya ba, yana kuma matse kunne idan an daɗe, balle ga mai tabarau. Na biyun ya fi, kuma shi ne mafita ga wanda ba ya jure a cusa masa abu a rami ko mai yawan ciwon kunne. Amma mu faɗi gaskiya game da yanayinmu: a zafin Afrilu na Sakkwato, Maiduguri ko Yamai, rabin awa ya isa gumi ya jiƙa soson, fatar roba da aka lulluɓe shi da ita kuma ba ta daɗewa take fara ɓarewa. Ba ya zama a kan hula, ba ya shiri da ɗaurin ɗankwali. Na zaman ɗaki ne, ko ofis, ko doguwar tafiya a mota mai sanyi.

ANC da ENC ba abu ɗaya ba ne

A nan ake yawan cutar masu saye, wani lokaci ma shi kansa mai kayan bai san bambancin ba. ANC fasaha ce da ƙaramin makirfo ke ɗaukar ƙarar waje, na'urar ta ƙirƙiro kishiyar wannan sauti, su kashe juna kafin su isa cikin kunnenka. Tana aiki sosai a kan ƙara mai kauri da ba ta sauyawa: rurin janareta, injin bas a hanyar Kano zuwa Kaduna, jirgin ƙasa, jirgin sama. A kan hon, kukan yara da surutun mutane ƙarfinta kaɗan ne, nan roba ko soso ke aiki. ENC kuwa ta kiran waya ce: tana tace muryarka don wanda ke ɗaya ɓangaren ya ji ka da kyau. Kai da ke sanye da shi ba ta rage maka komai. Kwali da yawa na rubuta maganar rage hayaniya da manyan baƙaƙe, sai ka duba ƙasa ka ga ENC ce.

ANC ta gaskiya ta sauko daga tsadar da aka san ta da ita. Soundcore na da Q20i da Life Q30 a masu rufe kunne, Oraimo ma na da ita a wasu FreePods ɗinsa. Gwajinta ba wuya: saka shi ba tare da kiɗa ba kusa da janareta, ka kunna ta, ka kashe. Idan ba ka ji rurin ya faɗa ba, bar musu kayansu. Idan kana kwana da janareta a bayan taga ko kana yawan doguwar tafiya, kuɗin da ka ƙara a nan ya halatta. Idan kuwa kuɗinka bai kai na kamfanin da aka sani ba, mai roba na gaske ya fi ANC na jabu nesa ba kusa ba. Araha ba ta ado, balle jabun da aka manna wa sunan babban kamfani, wanda ke tsatsa da zarar an ɗaga sauti.

Akwai kuma masu aika sauti ta ƙashin gefen fuska, irin na Shokz, da wasu da ke barin ramin kunne a buɗe. Ana tallata su da cewa ba sa taɓa kunne. Sautin dai katantanwar nan yake zuwa, ko ta wace hanya ya bi, don haka ƙure su ma na ɓarna. Amfaninsu ɗaya ne, kana jin abin da ke kewaye da kai.

Lambobin bayan kwali ba sa buƙatar dogon bayani. Wadda aka rubuta da dB, wato desibel, misali 100 ko 105, tana nuna yadda yake saurin yin ƙara da ƙaramar wuta. Wadda aka rubuta da om, 16 ko 32, tana nuna kowace waya za ta iya tuƙa shi. Girman lamba ba shi ne daɗin sauti ba. Manhajojin da ake saukewa don ƙara wa waya ƙarfin sauti kuwa, a guje su: suna yaga sautin, suna kashe iyafis, suna kuma tsallake iyakar da aka sa don kare ka.

Wa ya kamata ya sayi wanne

Ɗalibi mai sauraren lacca ko karatu a hostel, mai ɗinki, mai jiran shago: mai igiya mai roba. Idan kuɗi ya ɗan ƙaru, na wuya mai roba. Mai aiki a kwamfuta kusa da janareta ko matafiyi: mai rufe kunne da ANC. Wanda saurarensa duk a ɗaki ne cikin dare, ko marar roba ya ishe shi, sai dai ya sa wa wayar lokacin kashe kanta, don barci da iyafis na nufin awa shida ko bakwai na sautin da ba wanda ke saurare, kuma duk a cikin kason mako suke.

Ɗan acaɓa da direban adaidaita sahu, shawarata a kansu ta bambanta da duk abin da na faɗa a sama. Toshe kunne a kan titi haɗari ne na nan take, don hon ɗin tirela da ke bayanka ya fi kowace waƙa muhimmanci. Wanda bai toshe ba kuma sai an ƙure shi kafin ya fi ƙarfin injin da iska. Babu iyafis ɗin da ya dace da tuƙi, a bari sai an tsaya. Mai injin niƙa, mai walda da mai yankan katako su ma iyafis ba kariya ba ne gare su, ƙari ne a kan ƙarar da ta riga ta wuce kima. Abin da suke buƙata shi ne soson toshe kunne na ma'aikata, wanda ake murzawa a saka ya kumbura a ciki, ko murfin kunne irin na masana'anta. Soson bai kai kuɗin iyafis mafi araha ba.

Yara kuma iyakarsu ta fi ta manya ƙasa, ga shi ba za su ce maka ya yi yawa ba. Akwai hedifon na yara da aka rubuta ba ya wuce desibel 85, amma gwaje-gwaje sun nuna ba duka ke cika wannan alkawari ba, don haka ka saka a kunnenka ka ƙure ka ji kafin ka miƙa wa yaro. Idan a gida ne, barin sa ya kalli abinsa da lasifikar waya ya fi.

Bayan an saya

A Tarayyar Turai, tun 2013 ƙa'ida ta sa wayoyi da na'urorin kiɗa su tsaya a desibel 85, sai mai su ya amince da gargaɗi kafin su haura, kuma kada su wuce 100. Wannan saƙon da ke fitowa a waya idan ka ɗaga sauti, wanda muke dannawa ba tare da karantawa ba, daga irin wannan ƙa'ida ya samo asali. A iPhone akwai wurin kare ji a saitin sauti inda za ka sa iyaka tsakanin desibel 75 da 100, wayar kuma tana lissafa maka abin da ka saurara a mako. Wayoyin Samsung na da wurin sa wa sauti iyaka, har da lambar sirri, abin da ke da amfani ga wayar da yara ke ɗauka. Wanda wayarsa ba ta da ko ɗaya, ya bi shawarar da aka saba bayarwa ta kada a wuce kashi 60 cikin 100, tare da hutar da kunne bayan kowace awa. Dabarar da na fi yarda da ita ita ce ka saita sautin a ɗaki shiru, daidai inda kake jin komai, ka lura da inda ma'aunin ya tsaya. Idan ka fita waje ka ga sai ka haura shi da nisa kafin ka ji, to iyafis ɗin ne ba ya tare hayaniya, shi za a canza.

Idan kunne na kuka bayan saurare, ko ka lura kana ƙara sautin talabijin fiye da sauran mutanen gida, ko maganar mutane na cakuɗe maka a taro, lokacin gwajin ji ya yi. Gwajin ba ya ciwo: ana sa maka hedifon a ɗaki shiru, kana danna maɓalli duk lokacin da ka ji sauti, a fitar maka da taswirar jinka. Ana yin sa a Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, da sashen kunne, hanci da maƙogwaro na asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano. Ka gaya wa likita idan an taɓa yi maka allurai irin su jentamaisin ko kwinin, don su ma suna iya taɓa ji. Kada a ɗiga mai ko wani haɗi a kunne, kada a soka tsinke ko gashin kaza. Idan kuwa ji ya ɗauke farat ɗaya a kunne guda, wannan ba na jira ba ne: a je asibiti a ranar ko washegari, don maganinsa a kwanakin farko ya fi aiki.